Pijon Baffa Mai Dogon Baya

Kwanakin baya ɗana ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Baba, dubi abin da Amurkawa ke yi da tsofaffin motocinsu." Ford Mustang ce, irin ta farko da aka fara sayarwa a 1964, an sare mata but, an ja rufin har ƙarshe, ta koma wagon. Ya nuna mini Dodge Charger da Pontiac GTO, duk an yi musu haka. Motoci ne masu silinda takwas da samarin can suka yi yayi, kafin tsadar mai ta 1973 ta kashe musu kasuwa. Shi abin ya burge shi. Ni kuwa dariya ta kama ni, domin na ga irin wannan aiki da idona a garinmu Tinyer tun ban kai shekarunsa ba.

Ko a can abin ya daɗe. Kamfanin Intermeccanica na Italiya ya mayar da Mustang wagon tun 1965. A 1978 General Motors ta sa Pininfarina ya ƙera mata Pontiac Firebird biyu masu dogon baya, aka nuna su, aka yaba, ba a kai su kasuwa ba. Pininfarina ɗin nan shi ya zana Pijo 504, wadda ta fito a 1968, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa Pijo a Kaduna. 504 ɗin nan ita ce tamu.

Wanda bai bi hanyar Tinyer zuwa Ngaundere a wancan zamani ba, ba zai gane darajar 504 ba. Jar ƙasa ce: da rani ka sauka kamar an tono ka, da damina taɓo ya kai gwiwa. Hanyar Kwanca kuwa ba a magana. Sarauniyar tasha ita ce familiyal, mai layi uku na kujeru. Kamfani ya ce mutum bakwai, mu muka ce tara, ban da yaro a cinya, ban da buhunan masara da akuya a kan kariya, da jarkar zuwa-zuwa, man nan da ake tsallakowa da shi daga Najeriya.

Baffana, ƙanin mahaifina, dillalin shanu ne. Bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994, kuɗin familiyal ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya sayar da bijimai ya je Garwa ya dawo da 504 salun. Injin lafiya lau. Amma kullum a tasha yana kallo: shi ya ɗauki biyar, maƙwabcinsa ya ɗauki tara, mai ɗaya suke sha, rami ɗaya suke faɗawa. Lissafin ya hana shi barci.

Ni na raka shi wajen wani tsohon bakanike a bayan kasuwa. Tsohon ya saurare shi har ya gama, bai ce uffan ba. Ya ɗauko igiya ya auna daga tayar gaba zuwa ta baya a motar Baffa, ya ƙulla, ya je ya gwada a jikin wata familiyal da ke jiran gyara. Igiyar ta gaza da kusan taƙi guda. Yanzu na san adadin: salun mita 2.74, wagon mita 2.90. Sannan ya shimfiɗa kwali a ƙasa.

"Alhaji, a yi haƙuri a kwanta a leƙa."

Baffa ya tattare babbar riga ya kwanta. A ƙarƙashin familiyal sifirin huɗu ne a baya, biyu kowane gefe. Tasa ɗai-ɗai ne.

"Kuma wannan mota ba ta da shasi daban irin na gingimari," in ji tsohon. "Jikinta shi ne ƙashinta. In ka sare bayan, ƙugu ka sare. Ni ba zan yi ba, Alhaji."

Baffa ya yi godiya, ya karkaɗe riga, muka wuce wajen wani matashi mai walda. Shi ko tambaya bai yi ba. Ya samo rufin wata wagon da ta yi haɗari, ya sare, ya ɗora, ya liƙe. Aka shafe ɗinkin da fila, aka fesa farin fenti, aka kafa benci na uku a inda but yake. Mako uku aka gama. Gaskiya ta yi kyau. Ranar da ta shiga tasha har 'yan kamasho suka yi mata tafi.

Ba na ganin Baffa a matsayin wawa, har yau. Mutum ne mai iyali da zamani ya matse, kuma ƙasarmu da gyare-gyare take tafiya: da ba don masu walda da kanikawa ba, da rabin motocin Adamawa sun daɗe a juji. Kuskurensa ɗaya, ya nemi shawara, da aka gaya masa abin da ba ya so, sai ya sake gareji. Rufi ya gani a tasha, ya ɗauka rufin ke ɗaukar kaya. Ba'amurken da ke hoton ɗana yana iya yin wasa da tasa, don ranar Lahadi kawai take fita, a kan kwalta, ba ta ɗaukar abin da ya wuce kwandon abinci. Tamu tuwon gida ke kanta.

Rani guda ta yi tana kawo kuɗi. Da ruwa ya sauka sai ƙofar baya ta fara ƙin rufuwa, aka ɗaure da igiyar roba. Fila ta tsage, ruwa ya riƙa ɗiga kan matan da ke bencin ƙarshe, Baffa ya sayo leda. Wata Laraba cikin Agusta, ina gaba a matsayin yaron mota, muka gangara wani rafi da kaya fal. Tayar baya ta faɗa rami, muka ji ƙas, kamar an karya rake. Gilashin baya ya tarwatse, gindin motar ya zauna a taɓo. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwon kirki. Wata tsohuwa ta fito tana salati, rungume da ƙwaryar man shanunta, ko ɗigo bai zube ba.

Kwana biyu na yi a dajin ina gadinta, sauro na cin rabonsa, kafin a samu babbar mota ta ja ta. Tsohon bakaniken nan shi ya sayi injin, bai ce wa Baffa komai ba sai "Allah ya mayar da alheri, Alhaji." Ya sa shi a wata familiyal, ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Tinyer da Galim. Gangar jikin kuma aka ajiye ta a bayan gida, kajin goggona suka tare a bencin na uku.

Ɗana ya tambaye ni ko akwai hotonta. Babu. Na karɓi wayar na ƙara duban Mustang ɗin, na ce ya nemo mini inda aka ɗauki ƙarƙashinta.