Idan jar butar nan ta kama a hanyar ƙauye

Yau za mu bar kicin mu leƙa gaban mota, don da yawanmu idan za a je gida biki ko gaisuwa Hilux ko tsohuwar Land Cruiser ake cikawa da yara a shiga daji.

Kin taɓa lura da wata 'yar jar fitila a gaban direba mai siffar buta da ɗigo a bakinta? Ta baƙin mai ce. Idan an murɗa makulli takan kama, inji na tashi ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. Idan kuwa ta kama ana cikin tafiya, tana nufin man ba ya zagaya inji da ƙarfin da ya kamata, ƙarfe ya kusa fara cin ƙarfe. Mintuna kaɗan sun isa inji ya buga.

A nan ne direba ko Maigida zai ce, "Bari mu lallaɓa mu kai gari." Kada ki yi kara. Ki ce a tsaya a kashe mota. In wurin ba na tsayawa ba ne saboda tsaro, to rai ya fi inji, a matsa zuwa inda mutane suke mafi kusa, amma ba gari na gaba ba.

A nemi inda ƙasa ta daidaita, a jira kamar minti 10 man ya koma ƙasa. A zaro sandar awon mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Ana son man ya tsaya tsakanin alamomi biyun, kuma a yawancin motoci tazararsu kusan lita 1 ce. Sannan a duƙa a leƙa ƙarƙashi. Hanyar daji ta sha fasa tukunyar mai da dutse ko kututture, kuma in nan ne matsalar, duk abin da aka zuba ƙasa zai sha. Idan man raguwa kawai ya yi, za ki ga fitilar tana ƙyaftawa wajen hawan tudu ko in mota ta karkace, saboda man ya gangare ya bar bakin bututun da ke zuƙo shi. Wannan ƙari yake so, shi ya sa nake cewa galan ɗin mai ya riga kular abinci shiga mota.

Ki dubi launinsa da idonki. In an ratsa rafi, man kuma ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Kada a sake tayar da ita, a nemi mai ja. Haka ma in man yana cike amma fitilar ta ƙi mutuwa.

A gareji kuma, abin da ya fi ba ni haushi shi ne bakaniken da zai zare wayar fitilar ya ce an gyara, ko ya zuba mai mai kauri don ta yi shiru. Wani kuma kai tsaye zai ce a sauke inji. Ki sa Maigida ya nemi a ɗaura gejin awo a ga ainihin ƙarfin man, bayan inji ya yi zafi. In awon ya yi daidai, 'yar na'urar da ke kunna fitilar ce ta lalace, kuɗinta ba yawa. In ya yi ƙasa, sai a duba rariyar da ke cikin tukunya ko dauɗa ta toshe ta, sannan famfon mai, kafin a zo maganar buɗe inji.

Motar da ke shan ƙura tana son juye da sabuwar filta da wuri fiye da ta cikin gari. Man kuma a saya a rufe da hatiminsa, ba na kwalba a bakin titi ba.