Aikin Lauya a Babban Kamfani: To Bayan Shekara Goma Fa?

Tunda aka kafe jadawalin jarrabawar ƙarshe, hirar ajinmu ta koma wuri ɗaya: ina aka dosa bayan difloma? Mu 'yan sashen shari'a kusan bakinmu ɗaya. A cike fom ɗin JAMB, a shiga jami'a daga aji biyu, a wuce makarantar horas da lauyoyi, daga nan sai Legas: babban kamfanin lauyoyi, kwat da laktaye, albashi mai tsoka. Wani abokina har ya haddace sunayen kamfanonin kamar karatun allo: Aluko & Oyebode, Banwo & Ighodalo, Templars, Olaniwun Ajayi. In ka tambaye shi me lauya yake yi a can daga safe zuwa dare, sai ya ce, "Kai dai bari a shiga tukuna."

Ni ma burina ke nan a da, kuma har yau ban ce kada kowa ya je ba. Abin da ke damuna shi ne dukkanmu ranar shiga muke lissafawa. Ban taɓa jin wani a cikinmu ya tambayi inda mai wannan aiki yake tsintar kansa bayan shekara goma ba.

Ba da ka na zaɓi shekara goma ba. Tsarin mulkin 1999 ya ce ba a naɗa mutum alƙalin babbar kotu sai ya shekara 10 da zama lauya, kotun ɗaukaka ƙara 12, Kotun Ƙoli 15. Antoni-janar ma 10 ne, haka nan mai neman lambar SAN. To mu buga lissafi. Shekarata 22. Jami'a shekara huɗu, makarantar lauyoyi ɗaya, ko a Bwari ko Bagauda ko Yola ko duk inda aka jefa ni. Ke nan ina da 27 za a rantsar da ni, in babu yajin aiki irin na 2022 da ya cinye wata takwas. Ranar da waɗancan ƙofofi za su fara buɗuwa ina da 37, wataƙila da iyali, iyaye kuma sun manyanta. Abin da na yi tsakanin 27 da 37 shi zai nuna ƙofar da zan iya ƙwanƙwasawa.

Babban kamfanin lauyoyi tsarinsa irin na dalar gyaɗa ne: buhuna rututu a ƙasa, ƙwara kaɗan a sama. Na ƙasa su ne ƙananan lauyoyi masu cin albashi. Na sama su ne abokan tarayya, masu kamfanin, waɗanda ke raba riba a ƙarshen shekara. Duk shekara ana ɗibar sababbi, amma kujerun sama ba sa ƙaruwa da wannan saurin. Ba sai an yi wa kowa mugunta ba, lissafin ne haka: yawancin waɗanda suka shiga tare ba za su kai sama ba. Kuma ba ƙwazo kaɗai ke kai mutum can ba. Ana duba wa zai iya jawo wa kamfani manyan masu hulɗa, bankuna da kamfanonin mai da na sadarwa. Ɗan malamin firamare daga ƙauyenmu, wane shugaban banki ya sani?

Ina da ɗan baffa da ya yi shekara bakwai a ɗaya daga irin waɗannan kamfanoni, ba zan faɗi sunansa ba. Shi ne abin kwatance a gidanmu. Wata Babbar Sallah ya zo gida, mun dawo daga idi ana shirin yanka, sai ga waya. Ya shige ɗaki da kwamfutarsa, bai fito ba sai bayan la'asar, an gama fiɗa har an fara suya. Wai wata yarjejeniyar bashi ce dole a kammala ta kafin wayewar gari. Da dare na ce masa, "Yaya, ai wannan zalunci ne." Ya yi dariya ya ce, "Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ba kwalina suke biya ba, lokacina suka saya, dare da rana."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce a shekara bakwai ɗin nan bai fi a ƙirga da yatsu ba sau nawa ya tsaya gaban alƙali. Aikinsa karanta takardu ne da rubuta yarjejeniya: wannan kamfani zai sayi wancan, wancan banki zai ba da rance. Aiki ne na ƙwaƙwalwa, ban raina shi ba. Sai dai mai mafarkin SAN ya sani cewa, in ba ta hanyar koyarwa a jami'a zai bi ba, shari'un da ya gudanar ake ƙirgawa, daga babbar kotu har Kotun Ƙoli. Ko a sashen shari'a na kamfanin aka sa ka, za ka daɗe kana riƙe wa manya fayil kafin a bar ka ka buɗe baki.

Akwai kuma maganar jama'a. Jarin lauya mutanen da suka yarda da shi ne. A babban kamfani masu hulɗar na kamfani ne, ranar da ka ajiye aiki can za ka bar su. Ka dawo Kano ko Kaduna ko Sakkwato kana da 35 ka buɗe ofis, sai ka tarar abokin karatunka da ya zauna a gida ya san 'yan kasuwar Kantin Kwari da Dawanau, ya san magatakardan kotuna, duk rikicin fili ko na gado a unguwarsu shi ake nema. Kai kuma daga farko za ka soma.

To amma kada a ce na kawo rabin magana. Wanda ya gudu Legas ba kwaɗayi ne kawai ya kai shi ba. Duk wanda ya taɓa zaman sanin makamar aiki a ƙaramin ofishin lauya ya ga yadda ƙananan lauyoyi ke fama. Wani abin da ake ba shi a wata bai wuce kuɗin mota ba, yana yawo da baƙar riga a leda daga wannan kotu zuwa waccan. Ba zan ce wa wanda ke da ƙanne biyar a makaranta ya ƙi albashi mai kyau don neman kwanciyar hankali ba, yunwa ma ai ba ta barin hankali ya kwanta. Sannan babban kamfani makaranta ce ta gaske: za ka koyi rubutu mai tsafta, da cika alƙawari a kan lokaci, da yadda manyan kuɗi ke juyawa. Masu fita daga can suna samun gurbi a sashen shari'a na bankuna, ko Babban Bankin Najeriya, ko hukumar kula da kasuwar hannun jari, ko su zama sakatarorin kamfanoni. Ɗan baffan nawa yanzu a wani banki yake. Albashin bai kai na da ba, amma yana sallar magariba a gida.

Shi ya sa ra'ayina shi ne mu ɗauki babban kamfani a matsayin zango, ba masauki ba. In Allah ya ba ka, shiga, amma ka san abin da ka je ɗauka da lokacin da za ka sake duba lissafinka. Wanda aikin ya karɓe shi har ya hango hanyar hawa sama, madalla, ya zauna. Wanda kuma ya ga shekara biyar ta wuce ba abin da ke riƙe da shi sai albashi da kunyar a ce ya dawo, to ya binciki kansa.

Kuma kada mu raina abin da ke hannunmu. Fiƙihu da ilimin rabon gado da wasunmu ke ɗauka darasin cike gurbi ne, yanzu kasuwa gare su. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko na naira biliyan 100 a 2017, kuma duk irin wannan ciniki sai da lauyan da ya san dokar ƙasa ya kuma san shari'ar Musulunci. Wannan fage ne da za mu iya yin zarra a cikinsa, a Legas ɗin ko a gida.

Hanyoyin ma ba ɗaya ba ne. Mai shari'a Aloma Mukhtar daga kujerar majistare ta faro alƙalanci, a 2012 ta zama mace ta farko da ta shugabanci alƙalan Najeriya. 'Yan'uwa mata na ajinmu, ku da shekarun hawa matakala a kamfani kan zo daidai da na aure da goyo, ku sa wannan a ma'auni tun yanzu. Gani Fawehinmi sai a 2001 aka ba shi SAN, alhali talakawa sun daɗe da naɗa shi lauyansu. Yau fiye da rabin waɗanda ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi, da yawansu ba su da lauya. Akwai wanda ranar da ya fito da mutum ɗaya daga can zai ji daɗin da yarjejeniyar biliyoyi ba ta ba shi ba. Akwai kuma wanda yarjejeniyar ce ke faranta masa. Kowa ya san irin zuciyarsa kafin ya zaɓa.

Roƙona ga ƙungiyar ɗalibai da shugabannin sashenmu: kafin mu watse a shirya mana zama da lauyoyin da suka haura shekara goma a aiki. A kawo na babban kamfani, da wanda ya bari, da mai ofishin kansa, da na ma'aikatar shari'a, da na Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Kada mu tsaya a tambayar nawa ake biya. Mu tambaye su ƙarfe nawa suke komawa gida, su nawa suka rage cikin waɗanda suka fara tare, kuma da za a mayar da su shekara 22, wace hanya za su bi.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.