Askirim a Zafin Bazara: Kafin Ka Miƙa Kuɗinka

Daga watan Maris zuwa Mayu, duk wanda ya san Gulma da Argungu ya san yadda rana take. Ma'aunin zafi yakan haura 40, ƙasa ta yi zafi har takalmin roba ya yi laushi. A irin wannan lokaci, idan aka tashi daga makaranta aka ji ƙahon mai keken askirim, ba ɗalibin da zuciyarsa ba ta motsi. Ba zan ce muku kada ku sha ba, ƙannena. Ni ma ina sha, kuma a ganina wanda ya tara kuɗin tararsa ya saya ya more abinsa bai yi laifi ba. Abin da nake so shi ne kuɗin ya sayo muku na ƙwarai.

Kekunan nan masu farin akwati sun daɗe. Kamfanin Fan Milk, mai FanIce da SuperYogo, wani ɗan ƙasar Denmak ne mai suna Erik Emborg ya kafa shi, ya soma a Ghana, sannan ya buɗe masana'anta a Ibadan a farkon shekarun 1960. Dabararsu ta sayarwa a kan keke ita ta kai askirim unguwannin da ba su da firij. Yanzu kamfanin Danone na Faransa ne ke da shi.

To, ga inda maganar take. Askirim na masana'anta madara ce da sukari da mai, a dafa su don kashe ƙwayoyin cuta, sannan a kaɗa su ana daskarar da su. Wajen kaɗawar nan iska tana shiga ciki sosai, a wasu nau'o'in kusan rabin abin da ke cikin kofin iska ce. Ita ke sa shi laushi a baki. Don ya zauna haka, dole a ajiye shi a sanyin da ya kai 18 ƙasa da sifili, tun daga masana'anta har hannunka. Ka tuna nisan da ya keto kafin ya iso kwarin Rima, ka kuma tuna yadda wuta ke zuwa tana ɗaukewa a shagunanmu. Idan ya narke, iskar ta fice. Idan wuta ta dawo ya sake daskarewa, sai ya zama dunƙule mai tauri, cike da tsakuwar ƙanƙara. Daɗin ya tafi, kuma ba nan abin ya tsaya ba. Madara mai zaƙi da ta kwana cikin ɗumi gona ce ga ƙwayoyin cuta, kuma sanyi ba ya kashe su, kwantar da su kawai yake yi. Da sun shiga ciki sai su farka.

Gane wanda ya narke ya sake daskarewa ba wuya. Ɗaga kofin ka duba: in ya ja ƙasa ya bar fili a sama, ko ya daskare a karkace, ko bakin murfin yana danƙo, ajiye shi. Na leda kuma in duk ya taru a kusurwa ɗaya, alama ce. Duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Ba rashin kunya ba ne ka ce, “Baba, a canja mini wannan.” Kuɗinka ne, kuma mai shago mai mutunci zai canja.

Na ƙulle-ƙullen leda da ake yi a gida, zoɓo ko kunun aya ko madara mai kala, shi ya fi araha, wani ma ya fi na kamfani daɗi. Amma ba shi da lamba, don haka abin dubawa shi ne gidan da aka yi shi da ruwan da aka yi da shi. Kwalara da taifot ta ruwa suke bi, kuma da damina ta sauka fadama ta cika, rijiyoyi kan gurɓata. Saya a wurin wadda ka san tsabtarta.

Sai sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin rana, wato kimanin ƙananan cokula 12 ga babba. Askirim ɗaya da kwalbar lemo ɗaya sun kusa cinye wannan. Kuma zaƙi ƙara ƙishi yake yi, shi ya sa bayan ka gama kake neman ruwa. Wanda bai karya ba ya zuba kuɗin tara duka a askirim, zai ji a jikinsa a darasi na biyar. Fura da nono ta fi shi riƙe ciki nesa ba kusa ba.

Wasunku kuma cikinsu kan yi ƙugi ko ya kumbura bayan sun sha, ko da askirim ɗin lafiyarsa ƙalau. Mutane da yawa a Afirka ta Yamma, in sun girma, cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin ɗanyar madara sosai. Nono da yogot sun fi musu sauƙi, domin tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin.

Ciwon goshin nan da ke sara idan ka yi babbar loma kuwa, sanyi ne ya bugi ganɗa farat ɗaya. Manna harshenka a ganɗar, cikin daƙiƙoƙi kaɗan zai sake ka.