Ku daina tura 'ya'yan mutane cikin tankin mai

Masu daffo, masu gidajen mai, da 'yan kwangilar da kuke ba wa aikin wanke tankuna, da ku nake. Abin da da yawa daga cikinku ke yi da dagwalon da ke kwance a gindin tankunanku ganganci ne da rayukan mutane, kuma kun sani.

Duk tankin da ya shekara yana riƙe da mai sai ya tara dagwalo. Kakin da ke cikin ɗanyen mai da ɓangarensa mai kama da kwalta su ne ke sauka ƙasa, su cakuɗu da yashi da ruwa da tsatsa, su daskare. Yana cinye wuri, yana cin ƙarfen tanki har ya huje. Wankewa dole ce. Abin kunyar shi ne yadda kuke yinta: a buɗe murfi, a tura lebura da shebur da bokiti, da silifas a ƙafa da ƙyalle a hanci, babu na'urar auna iska, babu mai tsaron bakin ƙofa.

Kun kuwa san abin da ke jiransa. Akwai iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa take kashe jin wari, mutum ya zaci ta wuce, sai ya yanke jiki ya faɗi. Wanda ya shiga ceto shi ma yakan bi shi. Akwai sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini. Akwai tsatsar da ta haɗu da farar wuta, wadda ke iya kamawa da kanta idan ta bushe ta sha iska. Nawa kuke biyan yaron da ya shiga wannan ramin? Za ku tura ɗan cikinku?

Bayan an kwaso, sai a jira dare a juye a kududdufi ko bakin rafi, ko a banka masa wuta a bayan gari. Damina na zuwa ruwa ya kai shi rijiya da fadama. Wanda ke ganin wannan wasa ne ya dubi ƙasar Ogoni. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya tarar da benzin a ruwan shan Nisisioken Ogale ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, ya kuma ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Mu ma muna da tankuna: matatar Kaduna tun 1980, ta Damagaram tun 2011, da daffo-daffo a Kano da Gusau da Gombe da Jos, ga haƙon Kolmani da aka ƙaddamar a 2022. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Da babu wata hanya, da an yi muku uzuri. Uwargida ma ta san ƙanzo jiƙa shi ake yi kafin a taɓa tukunya. Yau akwai sinadarai masu narkar da dagwalo waɗanda ke ruɓewa da kansu a ƙasa: wani daga ɓawon lemo ake tatsarsa, wani daga man waken soya, wani kuma ƙwayoyin bakteriya ne ke samar da shi. Ana zuba su a tanki a rufe, a ɗumama, famfo ya riƙa juya su har daskararren ya saki. Daga nan inji mai wulwulawa ya raba shi uku: mai, ruwa, da tsakuwa. Man da aka ƙwato ya koma kasuwa. Ke nan abin da kuke biya a zubar muku a jeji, dukiyarku ce. Kuna ƙin wannan ne kawai don lebura ya fi sinadari araha.

Kada kuma wani ya sayi jarka mai hoton ganye ya ce ya gama. Sinadarin ne ke ruɓewa, dagwalon na nan da gubarsa. Ruwan da aka raba sai an tace, tsakuwar sai an kai inda doka ta yarda.

Ku ma hukumomi, NMDPRA da NOSDRA da NESREA, ba a kafa ku don buga hatimi ba. Ku tambayi kowane mai tanki yaushe ya wanke, wa ya wanke masa, ina ya kai abin da ya fito. Wanda ya kasa nuna takarda a rufe wurinsa. Mai tankin da ke da kuɗin cika shi da mai yana da kuɗin wanke shi ba tare da an ɗauko gawa ba.