A Bar Su Su Yi Wasa da Yumɓu

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda yara kan taru a bakin kududdufi da damina, su kwaɓa yumɓu, su gina shanu da raƙuma da 'yan tukwane, su shanya a rana. A birane kuwa, yau ana korar yaro daga wannan wasa da sunan ƙazanta. Waɗanda wannan hani ya fi cutarwa su ne yara masu larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga.

Likita Leo Kanner na Amurka ne ya fayyace wannan larura a 1943, bayan ya nazarci yara 11. Asalinta bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa, kuma gado yana da babban hannu a ciki. Yaron kan yi jinkirin magana, ya guji haɗa ido da mutane, ya riƙa maimaita abu guda, sannan ƙara ko hasken da bai dami kowa ba ya hana shi sakat. Abin takaici, a gidaje da yawa ana ɗaukar wannan shafar aljanu ko taurin kai, sai a kulle yaro a ɗaki, ko a sa masa bulala.

To, me yumɓu zai yi wa irin wannan yaro? Amsar tana cikin halittar hannu. Tun a 1937 Wilder Penfield, likitan ƙwaƙwalwa a Kanada, ya nuna cewa gurbin da hannu ya mamaye a ƙwaƙwalwa ya fi na gangar jiki girma nesa ba kusa ba. Idan yaro ya matse curin yumɓu, ya mulmula, ya murɗe, fata da tsoka da gaɓoɓi suna aika saƙonni a jere cikin tsarin da shi kansa yake sarrafawa. Yumɓu ba ya ƙara, ba ya yi masa ba-zata, ba ya neman amsa daga gare shi. In saniyar da ya gina ta karye, sai ya dunƙule ya sake. Yaron da duniya ta cika wa kunne da hayaniya yakan sami natsuwa a nan, yatsunsa kuma suna samun ƙarfin riƙe fensir.

Haka nan, idan uwa ta zauna kusa da shi ta mulmula curi, shi ma ya mulmula nasa ya miƙa mata, to an yi zance ko da ba a furta kalma ba.

Sai dai a yi hattara. Yumɓu ba magani ba ne, kuma ba ya maye gurbin likita ko ƙwararren malami. Wani yaron ma ƙyamar danshi yake yi, bai kamata a tilasta masa ba. A fara ba shi tsinke ko cokali ya taɓa da shi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wasu kan kai abin da ba abinci ba baki, don haka dole babba ya sa ido, kuma a samo yumɓu mai tsabta wurin maginan tukwane, a guji lakar kwata.

Tsada ma ba hujja ba ce. Play-Doh, wanda ya shiga kasuwar kayan wasa a Amurka a 1956, jigonsa fulawa ne da gishiri da ruwa, abin da kowace uwa za ta iya kwaɓawa a madafa, ta ɗiga ɗan mai.

Saboda haka, ya kamata kowace makarantar firamare ta ware tabarma da bokitin yumɓu a kusurwar aji. Ɗalibin da ke da ƙane mai wannan larura kuwa, ya zauna da shi ko na minti 15 ne da yamma, su gina shanu tare. Riga dai za ta ɓaci, amma sabulu zai wanke ta.