Juya Agogo Da Barcin 'Ya'yanmu Mata

Wadda duk take da ɗan'uwa a Ingila ta san wani abin mamaki game da agogonsu. Da damina ƙarfe takwas ɗinmu ita ce takwas ɗinsu, amma da hunturu sai su koma bayanmu da awa guda. Dalili kuwa shi ne a ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris sukan tura agogo gaba da awa ɗaya, sa'an nan a Lahadin ƙarshe ta Oktoba su mai da shi baya. Jamus ce ta fara wannan a ƙasa baki ɗaya cikin 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, don a rage ƙona kwal. Su suna da hujja, gama a birnin Landan yinin watan Yuni ya wuce awa 16, na Disamba kuwa bai cika 8 ba. Mu nan Kakangi bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta awa ɗaya ne da 'yan mintoci, saboda haka Nijeriya da Nijar ba ruwansu da juya agogo.

To, wai wannan awa ɗaya tak tana cutar da lafiya? Likitoci sun bincika. A Suwidin cikin 2008 an tarar bugun zuciya yakan ƙaru da kamar kashi 5 cikin 100 a makon da aka tura agogo gaba. A Amurka kuma, wani bincike na 2020 ya nuna haɗarin mota mai kisa yakan ƙaru da kashi 6 cikin 100 a wannan mako. Amma wanda ya fi jan hankalina shi ne na jihar Mishigan a 2014. Sun ga bugun zuciya ya hau da kashi 24 cikin 100 ran Litinin ɗin farko, da aka haɗa lissafin makon gaba ɗaya kuwa sai aka ga bai canja ba. Watau mai ƙoshin lafiya zai yi hamma kwana biyu ya ware, wanda zuciyarsa ta riga ta raunana shi ne rashin barcin ke gaggauta wa ciwo. A ganina haɗarin gaskiya ne, sai dai ƙarami ne, kuma ba ya daɗewa. Duk da haka a 2019 Majalisar Tarayyar Turai ta kaɗa ƙuri'ar a daina juya agogo, Maksiko kuwa ta daina a yawancin ƙasarta cikin 2022.

Ku lura, abin da ma'aikaci ke rasawa a daren nan, bisa wani bincike na Amurka, kamar minti 40 ne na barci. Minti 40! Sai na dubi gidajenmu na ce, mu da ba mu taɓa agogon bango, nawa ne lokutan shekara ke yanke wa mace?

Mu ɗauki watan azumi. Uwargida takan tashi wajen ƙarfe uku ta hura wuta don sahur, ta kuma tashi 'yarta ta taya ta. Namiji ya ci, ya yi asuba, ya koma ya kwanta. Yarinya kuwa ga wanke-wanke, ga shara, ga ɗebo ruwa, ƙarfe bakwai da rabi tana kan hanyar makaranta. Da dare kuma bayan buɗa-baki da tarawihi, wata sai an ɗora mata tallan ƙosai ko kunu har ƙarfe goma ta gota. Ku lissafa da kanku. Likitocin barci sun ce yarinya mai shekara 13 zuwa 18 tana bukatar awa 8 zuwa 10, ta firamare kuwa 9 zuwa 12. Tamu ba ta samun biyar cikakku, kuma haka za ta yi kwana talatin a jere. In azumin ya faɗo cikin bazara, zafi ma ba ya barin ɗan barcin ya yi nauyi.

Ni da nake tsayawa gaban allo ina ganin abin da idona. Daga ƙarfe goma kawunan 'yan mata sai su fara sunkuyawa kan tebur, alhali yara maza na ajin idonsu biyu. Yarinyar da ta iya lissafi jiya, yau ta kasa. Wani malami sai ya ɗauko bulala ya ce lalaci ne. Haba malam! Wannan yarinya ta riga ka tashi da awa biyu, abincin da wani ya ci da asuba ita ta tuƙa. A gida kuma hannun mai gyangyaɗi shi ke kifar da tafasasshen mai, shi ke zamewa a kan wuƙa. Masu raunin zuciya su ne irin mutanen nan da likitocin Mishigan suka ƙirga, sai dai namu ba mai ƙirga su. Balle mu da muka yi shekaru muna kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindigar dajin nan, ba mu da rarar barcin da za a ci bashi a ciki.

Damina ma tana da nata, da sammakon kai abinci gonar masara, amma a can aƙalla ana kwanciya da wuri.

A 2025 jihohin Kano, Katsina, Bauci da Kebbi sun rufe makarantu saboda azumi. Ban ga dacewar wannan ba, domin yarinyar da aka hana aji wata guda madafa za ta ƙare, kuma jarrabawa ba za ta jira ta ba. Dabarar Maroko ta fi kwanta mini a rai. A 2018 ta tsai da agogonta gaba da awa ɗaya, amma ta riƙa mai da shi baya in azumi ya zo. Mu ba sai an taɓa agogo ba. Hedimasta da iyaye suna iya roƙon hukumar ilmi a jinkirta shiga aji zuwa ƙarfe tara a watan, a sa lissafi da Turanci a darussan farko, a tashi kafin azahar.

Sauran yana hannunmu iyaye mata. Mai 'yan mata biyu ta raba musu kwanan sahur, yau wannan gobe waccan. Miyar sahur a dafa ta tare da ta buɗa-baki, da asuba sai ɗumame. Ɗan saurayin da ke gidan ya ɗebo ruwa, ba abin da zai ragu a jikinsa. Bayan azahar a bar yarinya ta kwanta ko na awa guda kafin a ɗora tukunyar kunu, tallan dare kuwa a ajiye shi sai ranar da ba makaranta washegari.