Sharhi: Mai Fama Da Rashin Barci Ya Riƙe Lokacin Tashinsa

Ga al'ada, duk wanda barci ya ƙaurace wa idanunsa yakan yi sauri ya kwanta da wuri, ya kuma makara da safe, da zummar rama abin da ya kuɓuce masa. Amma bisa ga binciken masana wannan dabara ita ce ke daɗa tsawaita matsalar, domin kuwa yawan juye-juye a kan gado yana sa ƙwaƙwalwa ta danganta shimfiɗa da zullumi.

A shekara ta 1987 ne wani masani ɗan ƙasar Amurka, Arthur Spielman, shi da abokan aikinsa suka gabatar da tsarin taƙaita lokacin kwanciya. Majiyyaci zai rubuta barcinsa na mako ɗaya ko biyu, sa'annan a kayyade masa zaman gado daidai da sa'o'in da yake barci a zahiri. Alal misali, mutumin da ke kwanciya daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, amma barcin nasa bai wuce sa'o'i 6 ba, kashi 75 cikin 100 kawai na lokacin ya yi barci. Irin wannan sai a ce masa ya jira har ƙarfe 12, ya kuma tashi ƙarfe 6 kowace rana. Galibin likitoci ba sa rage zaman gado ƙasa da sa'o'i 5.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen gyaran lokacin a ƙarshen kowane mako. Idan barci ya kai kashi 90 cikin 100 na zaman gado, sai a ƙara minti 15, wato a kwanta ƙarfe 12 saura kwata. Idan ya gaza kashi 85, ko 80 a lissafin wasu likitoci, sai a rage. Idan kuwa yana tsakani, sai a bar shi yadda yake.

Ko shakka babu lokacin kwanciya ne ya kamata a riƙa motsawa, lokacin tashi kuma ya tsaya daram, har da ranakun hutu. Dalili shi ne farkawa a kan lokaci guda da ganin hasken safiya su ne ke saita agogon jiki, kuma tsawon yinin da mutum ya yi ido biyu shi ne ke tara masa gajiyar da za ta kai shi ga barci mai nauyi. Wanda ya ƙara sa'o'i biyu ranar Lahadi ya ci bashi ne daga barcin daren Litinin.

Hausawa mazauna Ingila suna da tasu matsala ta dabam, saboda a birnin London alfijir kan keto wajen ƙarfe 3 a tsakiyar bazara, a hunturu kuwa sai kusan ƙarfe 6. Wajibi ne mai bin wannan tsari ya sanar da likitansa lokacin sallarsa ta asuba tun farko, domin a gina jadawalin a kai.

Masu sukan tsarin suna da hujja, domin makonnin farko kan zo da gyangyaɗi mai tsanani, abin da ke da haɗari ga direba ko mai aiki da inji. Masu farfaɗiya, da masu ciwon sauyin yanayin rai mai tsanani, da waɗanda numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci, bai kamata su gwada shi ba sai da sa idon likita.

Duk da haka shaidar amfaninsa tana da ƙarfi. A shekara ta 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta ba da shawarar a fara da gyaran ɗabi'ar barci kafin ƙwayoyi, kuma a 2023 wani gwajin jami'ar Oxford ya nuna cewa ma'aikatan jinya ma suna iya koyar da tsarin cikin nasara. Abin da ya rage ga majiyyaci shi ne haƙuri da minti 15 a mako, domin masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.